Sawun Da Ya Kauce Wa Hanya

Da hantsin ranar Laraba, hanyar da ta taso daga Kafinsoli ta nufi Boko ta rufta daidai ƙauyen Rafin Marke, ta tafi da Harisu ɗan acaɓa, da babur ɗinsa, da buhun masara biyu da ya ɗauko. Matan da ke tafe a bayansa ɗauke da ƙoren nono sun ce ba su ji wata ƙara mai yawa ba. Suna dai ganin mutum a gabansu, sai ƙasa ta yi wani nishi, sai babu shi. Ramin ya cinye faɗin hanya gaba ɗaya, ya gutsuri gonakin gefe da gefe, zurfinsa ya kai tsayin mutum huɗu. Sai bayan azahar aka iya fito da gawar da igiya.

Ana dawowa daga maƙabarta Maigari Babba ya aika a kira Ɗanmaliki.

Ɗanmaliki mai bin sawu ne. Shekara arba'in ke nan duk wanda aka kwance wa sa ko aka kore wa tumaki tsakanin Kankiya da Kusada ƙofarsa yake zuwa. Siriri ne, ba ya son yawan magana, kuma yana da saurin fushi, abin da tsufa bai rage masa ba. Ya iske zauren Maigari cike, samari sun yi cincirindo a bakin ƙofa. Cikinsu har da ɗansa Abdulrauf, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda tare suke acaɓa da Harisu. Idanunsa sun yi jawur.

"Ka san abin da ya sa na kira ka," in ji Maigari. "Bubayero na ruga ya toshe kwalbatin can sama da buhunan ƙasa don ruwa ya taru ma shanunshi. Ruwa ya rasa hanya, ya bi ta ƙarƙashi, ya cinye mamu titi. So nike ka bi sawu ka tabbatar."

"Ranka shi daɗe, in kun riga kun san mai laifi, mi zan yi maku?"

"Ka tabbatar, na ce."

"Ni ba tabbatarwa nike ba. Dubawa nike. Abin da na gani shi zan faɗi, ko ya yi maku daɗi ko bai yi ba."

Samari suka fara gunaguni. Alhaji Zainul Abidin ya ɗaga hannu suka yi shiru. Shi ne shugaban aikin gayyar ƙauyen, shi ke da lambun mangwaro mai katanga a kudancin hanya, shi ne kuma ya ba da likkafanin Harisu.

"A bar Malam Ɗanmaliki ya yi aikinshi," in ji shi a tausashe. "Kowa dai ya ga buhunan nan da idonshi, amma a bi a hankali."

Ɗanmaliki ya tsuke fuska ya fita.

*

Buhunan suna nan kamar yadda aka faɗa, guda tara, sun toshe rabin bakin kwalbatin, taku ɗari uku gabas da ramin. Ɗanmaliki ya tsuguna ya dubi karmami da tsinkayen da ruwa ya bari a jikin ciyawa. Ruwa ba ya wucewa bai bar shaidar inda ya nufa ba. Ya bi layin sharar a sunkuye har ta kai shi fadama, can arewa. Ko kusa da ramin ba ta bi ba.

A ruga ya tarar da Bubayero yana ɗaure maruƙa.

"Ni na sa buhunan, ban musu ba," in ji Bubayero. "Tun bara suke nan. Damina guda ta wuce a kansu, hanya ba ta yi komi ba."

"Wa ya ba ka izinin toshe kwalbati?"

"Ba kowa."

"To ka yi laifi. Amma ba shi na zo nema ba."

Matarsa Adda ta fito daga bukka. Tana cikin matan da suka ga faɗawar Harisu, har yanzu muryarta ba ta koma daidai ba.

"Baba, da na ƙara sauri taku ashirin, da ni aka zaro da igiya. Yanzu kuma mu ne muka kashe shi? Kusan sati uku shanunmu ba su yarda su taka wurin nan. In an zo nan sai su toge, su ratse ta gefe. Mijina ya faɗi a bakin masallaci, aka ce Bafillace na neman hujjar shiga gonar mutane."

"Sati uku?"

"Tun babban ruwan nan da ya kada rumbuna."

*

Ranar Alhamis da safe wata mota ta kawo wata mata daga jami'a, Dakta Rahamatu, wadda karatunta a kan ƙasa da duwatsu ne. Ta sa an ja igiya kewaye da ramin, ta kori 'yan kallo, amma da aka gaya mata ko wane ne Ɗanmaliki sai ta yafito shi.

"Baba, dubi bangon ramin. Ka ga jan nan na sama?"

"Marmara ce."

"Ita ce. Kaurinta bai fi kamu biyu ba, amma tana da ƙarfi, ita ke ɗauke da titi. Wancan fari-farin na ƙarƙashinta ruɓaɓɓen dutse ne, in ya jiƙa kamar kunu yake komawa. In ya samu inda zai zurare, sai ya yi ta zurarewa a hankali, kogo ya buɗe, marmara ta zama rufi babu ginshiƙi. Ranar da ta gaji sai ta karye."

"To ina ya zurare?"

"Tambayar ke nan. Akwai ƙasashen da dutsensu ke narkewa da kansa a ruwa, amma namu na nan ba irinsa ba ne. A nan abu uku nake zato. Ko ruwa ya samu wata tsaga yana bi shekara da shekaru, ko akwai tsohuwar rijiya ko ramin haƙar tama na maƙeran da, da aka yi hanya a kansa ba a sani ba. Ko kuma wani ya yi haƙa."

Ta nuna masa wani baƙin wuri can ƙasa a bangon kudu, laka ta kusa rufe shi.

"Wancan baki ne. Na ruwa ne ko na mutum, ba zan iya rantsewa daga nan ba, kuma ba zan bar kowa ya sauka ba, bango na ci gaba da zubewa. Sai an kawo na'ura. Sati biyu, ko uku."

Ɗanmaliki ya waiwaya ya dubi samarin da ke tsaye bayan igiya, wasu da sanduna.

"Hajiya, waɗancan ba za su jira sati biyu ba."

*

Mutum ɗaya ne ke haƙa a Rafin Marke, Musa mai rijiya. Ɗanmaliki ya same shi a gida yana wasa bakin diga.

"Akwai tsohuwar rijiya a wurin nan?"

"Babu. Ubana ya san duk rijiyar da ke ƙasar nan, bai taɓa faɗin ta ba."

"Kai fa? Ka yi haƙa kusa da wurin?"

Musa bai ɗago ba. "Ban haƙa komi a kan hanya ba."

"Ban ce a kan hanya ba. Kusa na ce."

"Baba, wata biyu ina Sukuntuni ina ma wani rijiya. Shekaranjiya na dawo. Ka aika a tambaya."

Wani mai tireda ɗan Sukuntuni da ke kusa ya shaida haka ne. Ɗanmaliki ya tafi ransa a ɓace. Musa bai yi ƙarya ba, amma har suka rabu bai yarda sun haɗa ido ba.

*

Tun da hanya ta rufta, masu wucewa ta arewa suke zagayawa, sun tattake gero sun yi sabuwar turba. Ba wanda ke bi ta kudu, don nan ramin ya fi cin ƙasa. Ɗanmaliki ya zaga can. Ya tarar da wata tsohuwa mai suna Haulatu, mai gonar gyaɗar da ramin ya gutsura, tana tsaye tana faɗa ita kaɗai.

"Sannu, Iya. Allah shi mayar da alheri."

"Wane alheri? Rami ya ci kunya shidda, mai babur ya ci biyu. Shi rami ai ba ya da hankali. Mai babur fa?"

"Wane mai babur?"

"Ina na sani? Kullum na zo sai in iske an bi mani ta kan gyaɗa. Ga titi shimfiɗe lafiya lau, amma ɗan banza sai ya sauko gonar gwauruwa. Na sa ƙaya, ya janye. Kwana ashirin ina fama."

Ɗanmaliki ya matso kusa da ita. Ya ce ta nuna masa.

Siririn sawu ne na babur guda. Ya sauka daga titi taku hamsin kafin wurin, ya yi baka ta cikin gyaɗa. Ya ɗaga ganyen da sandarsa. Wanda aka fara takawa ya riga ya miƙe har ya yi fure, na baya-baya kuwa yana kwance. An yi ruwa ranar Litinin, ba a sake ba, don haka sawun ƙarshe ya fito raɗau a kan danshi. Tayar baya tana da wani tabo, an ɗinke ta da waya, duk juyi ɗaya sai ta buga alama kamar ƙafar kaza.

Ya bi sawun a sunkuye har ya kai bakin ramin. A nan ya yanke. Ya ɗaga kai ya hango shi a ɗaya gefen, ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba abin da ya faru, ya koma kan titi.

Ya daɗe a tsugune. Ramin ya haɗiye tsakiyar sawun, ke nan sawun ya riga ramin. Wani mutum ya yi kwana ashirin yana kauce wa titi mai kyau, yana barin mata da yara da masu acaɓa suna bi ta kai. Ɗanmaliki ya waiwayi Haulatu.

"Iya, ki tsaya nan. Kada ki bar ko akuya ta taka wurin nan."

Yana miƙewa ya ga hayaƙi ya turnuƙe ta wajen ruga.

*

Kafin ya isa an gama. Bukka uku sun zama toka, maraƙi ɗaya ya ƙone a turke. Bubayero na zaune a ƙasa, Adda na danne masa goshi da gefen zanenta, jini ya jiƙa shi.

"Da la'asar ɗin nan, ido na ganin ido," in ji ta. "Sun rufe fuska da rawani. Wanda nike ba nono kyauta in 'yarshi ba lafiya, halan yana ciki."

Ɗanmaliki ya dubi tokar. Ya hana kowa motsi, ya zagaya rugar sau biyu yana duban ƙasa. A bayan bukkar tsakiya, inda aka fara cinna wutar, ya tsaya a kan wani sawu ya daɗe ƙwarai. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza. Ya ce wa Bubayero ya zo ƙofar Maigari gobe da safe, ya wuce neman wanda zai kira 'yan sanda a waya.

*

Ranar Juma'a da hantsi ƙofar Maigari ta cika. Ga sufeto da 'yan sanda uku da motarsu, ga Dakta Rahamatu, ga Bubayero da ɗaurin goshi, ga Musa a rakuɓe jikin bango. Haulatu ta bar ƙanwarta gadin gona ta zo.

Ɗanmaliki ya sa an share fili, an yayyafa ruwa. Ya ce duk mai babur a Rafin Marke ya turo nasa ya bi ta kai.

"Wane irin wasa ne wanga?" in ji Maigari. "Kwalbati aka ce ka duba."

"Na duba. Ruwan Bubayero fadama ya tafi. Ku tura."

Babur goma sha huɗu aka tura, yana bin kowanne a sunkuye. Ba wanda ya yi. Ya miƙe ya nuna wani ja da ke jingine a inuwar bedi.

"Saura wancan."

"Na Alhaji Zainu ne," wani ya ce.

"Ba babur ba ne?"

Alhaji Zainul Abidin ya yi murmushi ya ce a tura. Aka tura. Ɗanmaliki ya kira sufeto ya nuna masa ƙasa: ƙafar kaza, taku biyu, ƙafar kaza.

"Jiya na kai ka gonar Haulatu ka ga wannan alama, ko ba haka ba?"

"Ita ce," in ji sufeto.

Ɗanmaliki ya juya. "Alhaji, mi ya sa kake sauka daga titi ka bi ta gyaɗar tsohuwa?"

"Titi ya rufta, Malam. Kowa zagayawa yake."

"Kowa ta arewa yake zagayawa. Naka ta kudu ne, kuma rami ya yanke shi biyu. Sai in babur ɗinka tashi yake. Gyaɗar da ka fara takawa har ta yi fure. Kwana ashirin kana kauce ma wurin nan. Wa ya gaya maka akwai abin kaucewa?"

"Na ga shanu na ƙin bi, sai na yi hattara."

"Ran da Bubayero ya faɗi haka a bakin masallaci, wa ya ce hujjar shiga gona yake nema?"

Wani dattijo ya ce, "Shi ne."

Dakta Rahamatu ta ce bakin da ta gani a bangon kudu katangar lambu yake fuskanta, in an buɗe mata lambun yanzu za ta iya faɗin ko na ruwa ne ko na mutum.

"Makulli ya ɓace," in ji Alhaji. Murmushin ya tafi.

"Ba sai an buɗe ba." Musa ne ya taso daga jikin bango. "Ni na haƙa mashi ramin farko da rani, cikin lambu. Ya ce rijiya ce. Da muka kai farin dutse ya ce in bi shi a kwance, wai akwai zinari. Da na ga jijiyar dutsen ta nufi titi na ce ba ni yi. Ya rantsar da ni kada in faɗi, ya kawo baƙi daga nesa suka ci gaba. Da na dawo aka gaya mani cewa da babban ruwan nan ramin ya cika, ya sa inji yana zuƙewa, ruwan na fitowa fari fat da laka."

"Lakar nan ita ce ƙasar da ke riƙe da titi," in ji Dakta Rahamatu. "Da hannunsa ya zuƙe ta."

"Ban yi nufin kowa ya mutu ba," in ji Alhaji. "Na yi niyyar cikewa in ruwa ya ɗauke."

"Ƙaya guda," in ji Ɗanmaliki, ya matso har suna jin numfashin juna. "Reshen ƙaya guda za ka ja ka sa a titi, ka ce ma mutane wuri ya yi taushi. Kana da ƙarfin janye ƙayar Haulatu kullum, ba ka da ƙarfin sa ta inda za ta ceci rai. Ka tsira da kanka, ka bar yaron mutane ya bi ta kai da buhu biyu. Ka sayi likkafani, ka zauna nan kana nuna ruga da baki."

Samari suka yunƙuro. Wani ya ɗaga sanda, wani ya ce a ba su shi. 'Yan sanda suka kewaye Alhaji. Ɗanmaliki ya shiga tsakani ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku tsaya nan. Ban gama ba."

Suka tsaya.

"Jiya ma haka kuka taso, da zuciya irin wannan, kuka je kuka ƙone ma mutum ɗaki, kuka fasa mashi kai, kuka gasa dabba da ranta. Kun rufe fuska. Ƙafa fa, da mi kuka rufe ta? Ku goma sha ɗaya ne. Sufeto, rubuta."

Ya fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin takalmin kowa da inda ya tsaya. Duk wanda aka kira sai ya sunkuyar da kai. Iyaye suka fara roƙo. Maigari ya ce, "Malam, a bar wanga a gida, mu sasanta. Yara ne, zafin rashi ne."

"Ranka shi daɗe, a zaurenka aka yanke ma Bubayero hukunci kafin a duba. Ba a nan za a sasanta ba."

Ya kira na goma, ya tsaya. Sufeto ya ɗago biro.

"Ka ce goma sha ɗaya, Baba."

Ɗanmaliki bai dubi taron ba. Ƙasa yake kallo.

"Na sha ɗaya shi ya ƙyasta ashana, a bayan bukkar tsakiya. Yana taka ƙafar hagu a karkace, tun ran da ya faɗo daga kan jaki yana shekara bakwai. Ni na ɗauke shi na kai wurin mai ɗori." Ya ɗago ya dubi sufeto. "Abdulrauf Ɗanmaliki."

Abdulrauf ya fito daga cikin mutane a hankali. "Baba, Harisu ne fa. Tare muka tashi."

"Na sani. Na yi kukanshi ni ma. Bubayero ne ya kashe shi?"

Abdulrauf ya kawar da kai.

"To je ka shiga mota."

Aka sa Alhaji a gaba, samari a baya. Da motar ta tashi, mutane suka watse ba mai kallon Ɗanmaliki, har waɗanda ya taɓa nemo wa shanu. Bubayero ne kaɗai ya matso ya tsaya kusa da shi.

"Gobe zan zo da kara da igiya, ni zan ɗaura bukkar tsakiya," in ji Ɗanmaliki. "Kai kuma ka kwashe buhunan nan daga kwalbati yau."

Ya ɗauki sandarsa ya nufi gida, inda uwar Abdulrauf da matarsa ke jiran ya zo ya gaya musu yadda aka ƙare.